Yatsu biyu ko tari: wanne ya fi wajen juya haruffa kawai?

Jiya a Garwa muna zaune majalisar shayi wani ƙanena mai koyon Python (yaren rubuta manhajar kwamfuta) ya kawo wannan tambaya: a juya haruffa kawai, lambobi da alamomi su tsaya inda suke. Misali "ka-zo-237" ya koma "oz-ak-237".

Hanyoyi biyu ne za mu gwada: ta tari (jibge abu kan abu) da ta yatsu biyu. Hanyar tari ita ce mai sauƙi. Ka tsince haruffan ka jibge su a list (jerin abubuwa a Python), sannan ka sake bin rubutun daga farko, duk inda ka tarar da harafi ka ciro na saman tarin da umarnin pop() ka ajiye a gurbinsa, in alama ce ka wuce abinka. Zagaye biyu kenan.

Ta yatsu biyu kuwa, kamar ka ɗora yatsa ɗaya a farkon rubutun ɗaya a ƙarshe, kowanne yana tsallake abin da ba harafi ba, in duka sun tsaya kan harafi sai a yi musanya su matso, har su haɗu a tsakiya. Zagaye ɗaya tal, kuma a yaren manhaja na C ba sai ka nemi ƙarin wuri a memori (ma'ajiyar kwamfuta) ba. Amma fa a Python rubutu baya canzuwa, dole ka maida shi list tukuna, to ribar memori ɗin da ake ta cika baki da ita ta ragu sosai.

Ni dai na ce ma yaron ya fara da tari. Abin da ya fi damuna ma shine ƙ, ɗ, ɓ da é na Faransanci: isalpha(), umarnin da ke duba ko abu harafi ne, na Python ya san su, na C kuwa bayt (ma'aunin bayanai a kwamfuta) ɗaya yake dubawa, a tsarin adana haruffa na UTF-8 kuma kowannensu bayt 2 ne, sai ya barsu a wurinsu kamar alama.