Katana mai zanen maciji ko wakizashi mai takarda: ɗauki na biyun

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na duba hotunan takubban Japan biyu da ka turo kana tambayar wanne za ka saya, na doguwar katanar mai sassaƙen maciji, wato macijin almara mai faratai da ake ce wa dragon, da na gajeren wakizashin da ba shi da sa hannun maƙeri amma yana da takardar Hozon, wato shaidar cewa masana sun tantance shi. Ɗauki wakizashin. Na taɓa riƙe irin kowannensu, ɗaya har yau yana ɗakina, ɗayan kuwa na rabu da shi a kan asara.

Nawa wakizashin na saye shi a Osaka, a wani ƙaramin shago na wani dattijo da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Ba wani ado a jikinsa sai kwarmi guda da ya bi tsawonsa, irin wanda muke gani a takubban Buzaye, Japanawa suna ce masa bo-hi, sai harafi ɗaya na Sanskirit, tsohon harshen Indiya, kusa da mariƙi, wanda suke kira bonji. Da na fara ganinsa raina bai kwanta ba, don harafin ya shafe har gefensa ɗaya ya kusa ɓacewa. Na ce wa dattijon ai wannan ya lalace. Bai yi mini gardama ba. Ya zare ƙusar gora da ke riƙe da mariƙin, ya fito da gindin ƙarfen, wato nakago, ya ce in dubi inda kwarmin ya ƙare. Sai na ga bai tsaya a bakin mariƙi ba, ya zarce har cikin baƙar tsatsar gindin. Ya ce takobin da ya fi haka tsawo, wani ya rage shi daga gindi shekaru aru-aru da suka wuce, kwarmin kuwa ya riga ragin. Harafin da nake rainawa, duwatsun masu gogewa ne suka cinye shi tare da jikin takobin, ƙarni bayan ƙarni. Wato sassaƙar da ƙarfen tare suka tsufa. Ya haɗa mini shayi, muka zauna kusan awa biyu yana juya takobin a ƙarƙashin fitila yana nuna mini hamon, farin layin nan mai kama da gajimare da ke bin kaifi. Duk wata nakan fito da shi daga kubensa na farin katako, in share tsohon mai, in shafa sabon man choji, kuma ban taɓa mayar da shi ba tare da na daɗe ina kallon harafin nan ba.

Katana mai maciji kuwa, tawa daga gwanjon intanet ta zo, kuma mai gogewa na farko da na kai wa ya nuna mini cewa an sassaƙa macijin ne daidai kan wani ɓurmi na ƙarfen domin a rufe shi. Iyakar abin da zan ce game da ita ke nan.

Abin da ya sa nake tsoron taka shi ne abin da hoton da kansa ya nuna. Ɓawon macijin da faratansa duk sun fito tsaf kamar jiya aka yi su, alhali a hoto na huɗu jikin takobin ya fi gindinsa siranta a fili. Takobin da aka goge har ya rame haka, yaya sassaƙarsa za ta zauna da kaifinta? Wannan shi suke kira ato-bori, sassaƙar da aka ƙara daga baya. Ba kowace ce ta ha'inci ba, akwai waɗanda masu takobi suka sa aka yi musu don sha'awa, amma tana rage daraja a wurin masana, kuma da yawa an yi su ne don ɓoye tabo. Dubi kuma wurin da aka ajiye macijin. Na asali yakan zauna a tsakiyar fili, ya bar wa hamon hanyarsa. Naka ya karkata, jelarsa har ta kusa taɓa layin.

Sai sa hannun da ke gindin katanar. An rubuta Ikkanshi Tadatsuna, maƙerin Osaka na zamanin Genroku, wajen 1688 zuwa 1704, wanda ya shahara ƙwarai da sassaƙa har yakan rubuta "hori dosaku" a gindin takobi, ma'ana wanda ya ƙera shi ne ya sassaƙa. Takobin mutum irin wannan, in na gaske ne, ba ya yawo a gwanjo ba takarda, a farashin da ka ambata. Mai shi da tuni ya kai shi an tantance, don ya san kuɗin zai ninka. Japanawa suna da wata magana game da maƙeri Kotetsu, cewa in ka ga Kotetsu ka ɗauka jabu ne. Haka ya kamata ka ɗauki kowane babban suna, ko Umetada Myoju na Kyoto ne, ko Gassan Sadakazu, har sai takarda ta ce ba haka ba.

Ba ka tambaya ba, amma zan gaya maka, domin a nan ake cutar mutane. Ƙaramin katin nan da mai katanar yake ɗaga maka yana cewa "takardar gwamnati", sunansa torokusho. Rajista ce kawai da hukumar ilimi ta jiha take bayarwa, an fara ta tun 1951, tana rubuta tsawo da lanƙwasa da yawan hujin gindi da abin da aka gani a rubuce. Ba ta cewa sa hannun na gaske ne. Takobi mai sa hannun ƙarya ma yana samunta. Takardar da ke da nauyi ita ce ta NBTHK, ƙungiyar adana takubban Japan, wadda aka kafa a 1948, mai matakai huɗu: Hozon, Tokubetsu Hozon, Juyo, Tokubetsu Juyo. Ko a nan ma ka kula, akwai tsofaffin takardunsu farare da koraye na kafin 1982 da wasu dillalai ke haɗawa da kaya, waɗanda masu saye ba sa dogara da su yanzu. Ga kuma masu sayar da sababbin ƙarafa da aka zana wa maciji da ruwan asid, a jiƙa gindin ya yi jan tsatsa, a ce kayan kakan wani ne na samurai. Tsohuwar tsatsar gindi baƙa ce mai laushi a ido. Duk dillalin da ya ƙi cire mariƙi ya ɗauko maka hoton gindi gaba da baya, kar ka ƙara masa magana.

Gaskiya ita ce Hozon ɗin wakizashin ba ta rantse maka cewa sassaƙarsa ta asali ce ba. Abin da take ba ka shi ne masana sun riƙe shi a hannu, sun danganta shi ga wata makaranta ko wani maƙeri, kuma ba su ga hagire ba, tsagewar nan da ke ratsa kaifi wadda ke kashe takobi gaba ɗaya. Ga mai fara saye wannan ba ƙaramin abu ba ne. Layuka biyun nan sirara da ke bayansa, gomabashi, sun shafe daidai da shafewar jikin, abin da ya sa hankalina ya kwanta da shi.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani tun da gidanka za ka ajiye: waɗannan zane-zane ba ado kawai ba ne a wurin masu su. Macijin da ya naɗe takobi, kurikara, alama ce ta Fudo Myo-o, wani abin bauta a addinin Buda, haruffan ma na addinin ne, samurai suna ɗaukar su kamar laya. Ni a matsayin tarihi da aikin hannu na riƙe nawa, amma kai ka san zuciyarka.

In ka biya, ka tabbatar dillalin ya nemi izinin fitarwa daga hukumar al'adu ta Japan, ana mayar da torokusho ɗin a lokacin, don haka ka sa ya ɗaukar maka hotonsa tukuna. Ka kuma tambayi kwastan na inda kake kafin a sa shi a hanya. Idan ya iso, kar yatsa ya taɓa ƙarfen, kar ka kai wa mai wasa wuƙa, kuma kar ka kankare tsatsar gindi ko da ƙwayar zarra. Turo mini hoton takardar Hozon ɗin kusa-kusa in gwada maka tsawon da aka rubuta da hoton gindin da ke manne a jikinta kafin ka tura kuɗi.