Makonni Goma Ina Shan Garin Ashwagandha: Abin da Na Gani a Jikina

A watan da na shafe a birnin Delhi ina jinyar mahaifiyata, wadda aka yi wa aikin gwiwa, barci ya ƙaurace wa idona ƙaurar da ban taɓa ganin irinta ba. Da farko na ɗora laifin a kan bambancin lokaci, tunda agogon Indiya yana gaban namu da awa huɗu da rabi, amma har aka sallame mu daga asibiti muka koma masauki ban daina kwana ina juyi ba, ina lissafin kuɗin magani da na jirgi, sai gab da asuba barci ya ɗan sace ni. Wata safiya Hajiya ta dube ni ta ce, "Wai kai ɗan nan, ni aka yi wa aiki ko kai? Dubi yadda idonka ya faɗa." Mai gidan da muka sauka, wani dattijo mai yawan fara'a, shi ma ya lura, kuma shi ne ya kai ni wurin likitan Ayurbeda na unguwarsu, wanda a can suke kira baidya.

Ayurbeda shi ne tsarin maganin gargajiyar Indiya, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda hukuma ta shigo cikinsa dumu-dumu. Masu yin sa da izini sai sun yi karatun digiri na shekara biyar da rabi, kuma tun 2014 gwamnatin ƙasar ta ware masa ma'aikata guda mai suna AYUSH, wadda ya haɗa da sauran hanyoyin magani irin su Unani da Siddha. Likitan ya ɗora yatsunsa uku a wuyan hannuna, ya yi shiru yana sauraron bugun jijiya, ya tambaye ni game da abinci da bayan gida da lokacin kwanciya, sannan ya ce "bata" ce ta yi mini yawa. A fahimtarsu jikin ɗan Adam yana tafiya ne a kan ɗabi'u uku, bata da pitta da kafa, kuma idan ta farkon ta rinjaya sai mutum ya kasa natsuwa, tunani ya yi masa yawa, barci ya gagara. Ban tsaya musu da shi a kan wannan bayani ba, duk da cewa ban ga yadda za a auna shi a ɗakin gwaji ba. Abin da ya rubuta mini shi ne garin saiwar ashwagandha, rabin cokalin shayi a cikin madara mai ɗumi bayan cin abincin dare, in ƙara zuwa cokali guda idan cikina ya karɓa.

Na saye shi ranar wata Juma'a bayan an sauko daga Masallacin Fatehpuri, a kasuwar Khari Baoli da ke maƙwabtaka da shi, inda ake sayar da kayan yaji da saiwoyi buhu-buhu har atishawa ba ta barin baƙo ya yi ciniki cikin natsuwa. Na ɗauki garin da aka rufe a mazubi mai ɗauke da sunan kamfani da ranar lalacewa, na kuma sayi ɗan ƙullin busasshiyar saiwar don in ga asalinta da idona. Saiwar siririya ce kamar fensir, launinta ruwan ƙasa mai haske, cikinta fari-fari, tana karyewa ƙas idan ta bushe sosai. Mai shagon ya ce tasa daga Nagaur take a jihar Rajasthan, wadda aka fi yabawa, ko da yake mafi yawan abin da ke kasuwa daga yankin Neemuch da Mandsaur na jihar Madhya Pradesh ake noma shi. Shukar kanta ƙaramar bishiya ce da ba ta cika wuce ƙugun mutum ba, 'yar gida ɗaya da tumatir da gauta da yalo, tana yin jajayen 'ya'ya ƙanana a cikin ɓawo mai kama da takarda, kuma tana son busasshiyar ƙasa, shi ya sa ake samun ta a wasu sassan Afirka da Gabas ta Tsakiya.

Sunan ya fito ne daga harshen Sanskirit, inda "ashwa" ke nufin doki, "gandha" kuma wari ko ƙamshi. Na ɗauka ƙawata magana ce kawai irin ta masu magani, sai da na buɗe mazubin. Duk wanda ya taɓa shiga bargar dawaki da yammacin ranar hawan sallah, lokacin da aka sauke sirdi dokin yana jiƙe da gumi, ya san warin nan. Ɗanɗanonsa kuwa ɗaci ne mai haɗe da bauri, bai kai maɗaci ba, amma yana daɗewa a maƙogwaro, kuma garin ba ya narkewa, kwanciya yake yi a gindin kofi, dole sai ana sha ana juyawa. A daren farko da na gwada shi da ruwa zalla na kusa dawo da shi. Daga baya na gane hikimar da ta sa Indiyawa ke haɗa shi da madara da ɗan man shanu da zuma ko sukari, domin maiƙon yana lulluɓe ɗacin ya kuma sauƙaƙa wa ciki. Ni na ƙara masa ɗan garin citta, kuma da hakan na fi iya jure shi.

Makon farko bai yi daɗi ba. Sau biyu na sha shi ban ci abin kirki ba, sau biyun kuma na kwana cikina yana murɗawa, washegari na yi ta zarya zuwa bayan gida. Barcin da na sha shi dominsa bai canza ko kaɗan ba, har na fara tunanin na zubar da kuɗina ne a banza. A mako na biyu muka dawo gida Kano, na ci gaba da sha bisa ƙa'ida, na kai cokali guda, wato kimanin giram 3. Sai wajen ƙarshen mako na uku na lura da wani abu da ya zo a hankali ba tare da sanarwa ba: idan na kwanta ba na ɗaukar awa biyu ina sauraron ƙarar fanka kamar da, kuma idan na farka tsakar dare nakan iya komawa. Ba ya buge mutum kamar ƙwayar barcin asibiti, wadda kan ɗauke hankali da ƙarfin tsiya ta bar kai da nauyi. Abin da na ji ya fi kama da sassautawar wata igiya da aka daɗe da ɗaure ta a ƙirji. Akwai dai ranaku biyu ko uku da na yi nauyin tashi sallar asuba, har sai da mai ɗakina ta tashe ni sau biyu tana cewa, "Malam, an fa kusa tayar da salla," wanda hakan ya sa na dawo da lokacin shan zuwa bayan magariba maimakon bayan isha'i.

A nan ya kamata in yi wa mai karatu adalci, in kuma yi wa kaina. Lokacin da barcina ya gyaru shi ne lokacin da Hajiya ta fara taka ƙafarta ba sanda, bashin da na ci ya fara raguwa, na koma kan gadona, kuma ina shan madara mai ɗumi kowane dare, abin da shi kaɗai ma yakan sa wasu barci. Saboda haka a mako na bakwai na yi ɗan gwaji irin na mutum ɗaya: na ajiye garin na kwana goma, na ci gaba da madarar da zumar. Barcin bai rushe ba, amma farkawar tsakar dare ta ɗan dawo, kuma da na koma shan garin ta sake lafawa. Na san wannan ba hujja ba ce da za a kafa a gaban masana, tunda ina sane da ranar da na sha da ranar da ban sha ba, zuciya kuwa tana da nata aikin a cikin magani. Amma ya yi daidai da abin da binciken da aka wallafa yake nunawa. A wani gwaji da aka buga a Indiya a 2012, an raba mutum 64 masu fama da damuwa gida biyu, aka ba wasu miligiram 300 na tataccen sinadarin saiwar sau biyu a rana har kwana 60, sauran kuma aka ba su kafso marar magani, sai aka ga sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a jinin masu shan na gaskiyar. Sai dai irin waɗannan gwaje-gwaje yawancinsu ƙanana ne, na ɗan gajeren lokaci, kuma da dama daga cikinsu masu sarrafa maganin ne suke samar da kayan ko kuɗin yin su.

Abokai da suka ji ina shan "maganin Indiya mai ƙarfin doki" ba barci suka tambaye ni ba, kowa ya san inda hankalinsu ya tafi. Littattafan Ayurbeda na dā, irin su Charaka Samhita, sun ambaci ashwagandha cikin masu ƙara ƙarfi, kuma ana lissafa ta a sahun magungunan da suke kira rasayana, wato masu farfaɗo da jiki da rage saurin tsufa, ana ba tsofaffi da ramammu da waɗanda suka tashi daga doguwar jinya. A kan wannan ne 'yan tallar intanet suka gina alƙawuran da suka wuce hankali. Ni dai a makonni goma ban ga ƙarin tsoka ba, ban ga wani sabon kuzari da ya wuce na mutumin da ya samu isasshen barci ba, kuma cin abincina ne kaɗai ya ɗan buɗe.

Kuskuren da na yi shi ne na gaji da ɗacin gari a mako na takwas, na sayi kafso daga wani mai talla a Instagram. Da robar ta iso babu lambar NAFDAC a jikinta, ba a rubuta ko daga saiwa aka yi shi ko daga ganye ba, ba a kuma faɗi yawan sinadaran witanolayid da ke ciki ba, alhali su ne ake dangantawa da aikin maganin. Bambancin saiwa da ganye ba ƙarami ba ne, domin saiwar ce aka saba sha a gargajiyance, ganyen kuwa an fi amfani da shi wajen shafawa a kan maruru da kumburi, kuma ya fi ta yawan wani sinadari mai kaifi da ake kira witaferin A. Kwana uku na sha, ƙwannafi ya dame ni, na jefar da sauran. Abin da ya ƙara tsorata ni shi ne tuna wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004, inda aka gwada magungunan Ayurbeda 70 da aka saya a shagunan yankin Boston, aka tarar 14 daga ciki suna ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar asanik. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Akwai kuma abubuwa biyu da Musulmi zai so ya sani kafin ya miƙa kuɗinsa. Na farko, akwai wani nau'in ruwa da ake kira ashwagandharishta, wanda likitan ya fara ambata mini, kuma ana haɗa shi ne ta hanyar tsima saiwoyi da kayan zaƙi har su yi tsami su haifar da barasa da kansu, don haka na ce masa a bar ni da gari. Na biyu, ɓawon kafso sau da yawa da jelatin na dabba ake yin sa, saboda haka gara a nemi wanda aka rubuta cewa daga tsirrai yake. A Indiya kayan ci marasa nama suna ɗauke da koren ɗigo a cikin ɗan akwati mai kusurwa huɗu, kuma wannan alama ta taimaka mini a shaguna.

Da Hajiya ta ga na murmure sai ta ce in riƙa dama mata ita ma. Na tambayi likitan da ke duba ta a gida, ya ce kada in kuskura, domin tana shan maganin ciwon sukari da na hawan jini, ita kuwa ashwagandha tana iya ƙara saukar da su biyun fiye da yadda ake so. Ya ƙara da cewa ba a ba mai juna biyu ko mai shayarwa, ba a haɗa ta da ƙwayoyin barci, tana iya ɗaga sinadaran tayirod na maƙogwaro, kuma ana son a daina ta kafin a shiga tiyata. Mafi nauyi a cikin gargaɗin shi ne na hanta: an samu mutane a ƙasashe daban-daban, har da Indiya kanta, da idonsu ya yi rawaya jikinsu ya kama ƙaiƙayi bayan makonni suna sha. Ba su da yawa idan aka kwatanta da masu shan, kuma yawancinsu sun warke da suka daina, amma a ƙasar da ciwon hanta ya yi yawa kamar tamu, wanda bai san matsayin hantarsa ba bai kamata ya fara ba. Ƙasar Denmak ma ta hana sayar da ita a 2023 saboda fargabar tasirinta a kan tayirod da sinadaran haihuwa, matakin da hukumomin Indiya suka ƙi amincewa da hujjojinsa.

Na tsaya a mako na goma, domin shaidar da ake da ita a kan rashin illarta ba ta cika wuce wata uku ba, na kuma je aka gwada mini hanta aka ce lafiya lau take. Idan aka ce in ba ta maki a matsayin mai taimaka wa barcin wanda damuwa ta hana runtsawa, zan ba ta uku da rabi cikin biyar, da sharaɗin a sami saiwa ta gaskiya a kuma yi haƙurin mako uku. A matsayin maganin ƙarfi kuwa ba ni da abin da zan shaida. Sauran garin yana nan a cikin kwalba a saman kabad, kuma mai ɗakina ta riga ta ce in nema masa wani wuri, wai yana sa mata kicin warin doki.