Sifikar Taken Ƙasa, Waƙar Amshi da Kiɗan Fim: Abin Dubawa Kafin Ka Biya a Sakkwato

Ranar 29 ga Mayu 2024 aka sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken Najeriya, wanda aka rera daga 1960 zuwa 1978. A makarantarmu abin ya zo da aiki, don ba yaron da ya iya shi, mu malaman ma yawancinmu bayan an ajiye shi aka haife mu. Hedimasta ya kira ni ofis ya ce, "Malam, kai ad da kunnen kiɗi, tahi ka biɗo muna sifikar da yara ka koyo da ita." Na karɓi kuɗi na nufi kasuwa ina ganin aikin rabin awa ne. Sai da na yi sawu uku, na kuma tafka asara sau ɗaya, kafin na gane abin da ya kamata in tambaya tun farko.

Asarar ga yadda ta faru. Mai shagon ya jawo wata doguwa mai taya da hannun ja, fitilu na ta walƙiya a gabanta, ya nuna mini kwalinta ya ce, "Wagga wat dubu ukku gare ta, ta hi duk na shagon ga ƙara." Ya sa mata wani kiɗan rawa, ƙirjina ya ɗauki dukan, na biya. Ranar Litinin a asambuli na kunna taken da ƙungiyar mawaƙa ta rera, sai ga gangar tana girgiza fili amma kalmomin sun cakuɗe kamar ana magana cikin randa. Yaran layin baya suna ta motsa baki, ba wanda ya san abin da yake faɗa.

Wannan lambar ta kwali da ake rubuta wa PMPO ba ta auna komai da zai amfane ka. Wadda za ka nema ita ce RMS, ƙarfin da sifikar ke iya riƙewa tana aiki, kuma sau da yawa sai ka juya bayanta ko ka buɗe 'yar takardar ciki za ka gan ta, ƙarama ƙwarai idan aka gwada da ta gaba. Ko ita ɗin kada ta ruɗe ka. Ninka wat sau biyu ɗan ƙari kawai kunne ke ji. Kafin mutum ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara wat kusan sau goma. Don haka mai wat 60 da mai wat 80 ba su da wata tazarar da za ka ƙara kuɗi a kanta.

Abin da ya fi raba sifiku shi ne yadda suke fitar da muryar mutum, musamman muryoyi da yawa a tare. Mu nan ba baƙin wannan ba ne. Duk wanda ya tashi yana jin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo a rediyo ya san daɗin waƙar fada yana wurin da uban waƙa zai ja baiti, 'yan amshi su karɓe, wani ya yi ƙari a kan wani, kotso na tafiya a ƙarƙashi bai danne kowa ba. Sifika mai kyau za ta bar ka ka rarrabe bakin kowane ɗan amshi. Marar kyau za ta dunƙule su su zama murya ɗaya mai kauri. Tsofaffin faya-fayan nan an ɗauke su da na'urorin da, akwai shuu a cikinsu, kuma duk sifikar da aka cika wa kaifi sai ta fito da shuu ɗin gaba da mawaƙin.

Wani abokin aikina da ke rera waƙa a cocinsu shi ya ba ni gwajin da ya fi wannan tsanani. Ya turo mini waƙoƙin taron murya na Turai na ƙarni na 16, irin na Palestrina da ya rasu a Rum a 1594, da na Thomas Tallis na Ingila, wanda ya tsara wata waƙa mai muryoyi 40, ƙungiya takwas kowace da mutum biyar. Babu ganga, babu molo, babu komai sai maƙogwaro, kuma a manyan gine-ginen dutse ake rera su, inda murya ke daɗewa tana yawo bayan an rufe baki. Ban san Latin da ake rera su da shi ba, addinina ma daban, amma a matsayin ma'aunin sifika ban ga kamarsu ba. A 'yar empi ta aljihu, arba'in ɗin nan sun koma kamar mutum huɗu a cikin gwangwani. A abin kunne mai kyau kuwa sai ka ji wannan rukuni ya taso daga hagu, wancan ya amsa daga dama, sannan wutsiyar sautin ta bi ta ɓace a hankali.

To, ga abin da ke kasuwa. Ƙaramar empi mai Bluetooth ita ce mai araha, tana shiga aljihun babbar riga, cajin waya ya ishe ta. A ɗaki, ko a aji ɗaya mai yara talatin da ke koyon baiti, ta wadatar. A fili iska ke cinye ta. Galibinsu baki ɗaya gare su, ba hagu ba dama, kuma Bluetooth ɗin da ya wuce kamar mita 10 sai ya fara yankewa.

Hon, wato mai bakin mazurari irin ta masallaci da masu tallar magani, ita ce sarauniyar nisa. Da ƙaramar amfilifaya da batirin mota za ta kai magana ƙarshen unguwa, ba ta tsoron rana ko ƙura, tana shekaru a kan soro. Sai dai an yi ta don magana ne. Amon ƙasa ba ya fita ta cikinta sam, shi ya sa taken da 'yan badujala suka busa ke fitowa a hon kamar ana kaɗa faranti. Idan buƙatarka sanarwa ce da jagorantar yara da makirufo, saye ta ba ka yi kuskure ba. Idan kana son yara su ji yadda muryoyi ke hawa kan juna, ba gidan ba ne.

Mai taya ita ce tsaka-tsaki, kuma ita na koma na saya karo na biyu, amma da ido buɗe. Na ɗauki mai babban baki inci 12 wadda ke da ƙaramin baki na sama mai fitar da kaifin murya, da maɓallan rage bes (amon ƙasa) da ƙara tsakiya (inda muryar mutum take) daban-daban. Wannan maɓallin na tsakiya shi ne maganin abin da ya same ni a asambuli: ka rage bes, ka ɗaga tsakiya kaɗan, sai kalmomi su fito. Mai inci 15 ta fi dukan ƙirji, ta fi nauyi, ta fi cin batir, ta 'yan biki ce. Kuma a ɗora ta a kan tebur ko sanda ta wuce kawunan layin gaba, don jikin mutane na shanye sauti.

Sai batir, wanda a garin nan shi ne rabin ciniki. Da yawa daga masu tayar suna ɗauke da batir mai bolt 12 irin na gubar nan mai nauyi, kuma zafi ne ajalinsa. Daga Maris zuwa Mayu Sakkwato na haura digiri 40 a inuwa, balle ofis mai rufin kwano da aka kulle tun Juma'a. Ta farkon da na saya a nan batirinta ya kumbura. Ka tambayi mai shago ko ana buɗewa a canza batirin, ko ana samunsa a gari, ko tana da wurin jona batirin waje ko na sola. Kada a bar ta ta mutu ƙurmus a ajiye ta haka har hutu ya ƙare. Lokacin hunturu kuma a lulluɓe ta da zane, don ƙurar nan na shiga maɓallai su riƙa ƙarar-ƙarar in an murɗa.

Mai son kiɗan fim lissafinsa daban ne. Kiɗan da ake shimfiɗa wa fim, na Indiya ne ko na Amurka, yana sauka can ƙasa kamar raɗa sannan ya tashi da gogen mutum hamsin da manyan ganguna, kuma an tsara shi ne don hagu da dama. Nan kam bes na da aiki. Hom tiyata mai ƙananan sifiku biyu da akwatin bes ɗaya zai yi a falo, in kana da wuta ko inbata. In babu, ni dai shawarata abin kunne mai rufe kunnuwa gaba ɗaya, mai waya. Da kuɗin matsakaiciyar empi za ka samu wanda zai ba ka abin da sifikar da ta ninka shi tsada ba za ta ba ka ba, ba ka kuma tashi maƙwabta da tsakar dare. Illarsa gumi a bazara, da kuma cewa kai kaɗai ke ji.

Wani lokacin ma laifin na fayil ɗin ne. Taken da ya bi ta wayoyi goma, wani ya ɗauka da makirufon waya daga talabijin ya tura, ko a sifikar miliyan ba zai gyaru ba. Ka nemi MP3 mai lambar inganci 320 ko aƙalla 192, a turo maka shi a WhatsApp a matsayin takarda, wato Document, ka zuba a filash. Kuma a lura da irin rerawar. Ta badujala zalla ta dace da fareti da taron hukuma. Ta koyar da yara kuwa sai mai muryoyi, mai 'yar shimfiɗar kiɗa a farko don su san inda za su shiga, wadda ba a ja ta sama har ƙananan su ƙoƙe ba. Taken baiti uku gare shi, wasu fayilolin na farko kawai suka ɗauka. Masu hulɗa da Ƙonni ta Illela su ma su duba, don Nijar ta canza nata taken a 2023, tsohon kuma na nan yana yawo a memori.

Ranar da na koma sawu na uku da filash ɗina na tafi, da abu uku a ciki: taken, waƙar fada ɗaya, da waƙar nan mai murya 40. Na roƙi mai shagon ya zare wayar wuta ta yi aiki da batirinta, ya kashe fitilun, ya fito da ita bakin titi. Na taka har tsallaken hanya, wajen mai shayi, na tsaya ina saurare cikin ƙarar 'yan kabu-kabu. Cikin sifiku uku da na gwada, biyu sun faɗi tun a baitin farko. Ta ukun na ji kowace kalma, har mai shayin ya ɗago kai ya ce, "Malam, wanga ba shi na mu ka yi muna yara ba?"