Tabarau da kayan zuwa ofis: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Wanda ke wuni a gaban kwamfuta, kuɗin tabaransa ya kamata ya fi tafiya a kan gilashin, ba a kan sunan kamfanin da aka rubuta a jikin firam ba. Ka fara zuwa a auna idonka, ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko duk inda akwai ƙwararre kusa da kai. Tabaran karatu na bakin titi ƙarfinsa ɗaya ne a ido biyu, alhali mutane da yawa damansu da hagunsu ba daidai suke gani ba. Idan ka haura shekara 40 ka ga sai ka nisanta takarda kafin ka iya karantawa, awon ya zama dole.

Gilashin kwalba yana da nauyi, kuma idan ya faɗi shi ke nan. Na roba ba nauyi, ba ya saurin fashewa, sai dai ƙurar hunturu tana karce shi idan ana goge shi a bushe da bakin riga. Ka biya a sa maka shafin hana ƙyalli, wannan kam ya cancanci kuɗinsa a ƙarƙashin fitilun ofis. Gilashi mai rikiɗa ya yi duhu a rana yana da amfani ga mai yawan fita aike, amma galibi ba ya yin duhu a cikin mota, domin gilashin mota yana tare hasken da ke sa shi rikiɗa. Shi kuwa wanda ake tallatawa da sunan tare shuɗin hasken kwamfuta, bitar da Cochrane, cibiyar da ke tantance binciken lafiya, ta fitar a 2023 ba ta ga ya rage gajiyar ido ba. Ni dai ba zan ƙara kuɗi dominsa ba.

Sai firam. Duba cikin hannunsa za ka ga lambobi kamar 52-18-140: faɗin gilashi, faɗin wurin karan hanci, da tsawon hannu, duk a milimita. Na ƙarfe mai arha zufa tana sa shi ya yi kore, wani har ya fito wa mutum da ƙuraje a bayan kunne. Na roba mai kauri yana tsayawa da kyau a fuska, amma mai ɗaura kallabi ko sa hijabi gara ta zaɓi mai siririn hannu, don kada ya wuni yana matse mata kai. A gwada shi da hular ko mayafin da za a riƙa sawa, a sunkuya kamar za a yi sujada a ga ko zai zamo.

Batun sutura ya fi sauƙi. Shadda mai sitaci ta Juma'a ce da taro, don kafin azahar kujera ta gama yamutsa ta. Yadi mara nauyi, toka-toka ko ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu, a ɗinka kaftani da ɗan aiki kaɗan a wuya, ya fi jure zaman yau da kullum. A Kantin Kwari ka damƙe gefen yadin a hannu ka saki, idan ya miƙe da kansa ka saya. Ga mata, atamfa mai manyan zane tana son firam baƙi ko ruwan zuma marar ado, abaya mai launi ɗaya kuwa tana ɗaukar firam mai ɗan haske.