Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci: a kiyayi masu "dawo da fenti sabo fil"

Jama'a assalamu alaikum. Duk mai tsohuwar mota da fentinta na kamfani ke jikinta har yau, Fijo 504 ce ko 404 ko Marsandi irin ta da ko Bitil, don Allah ya karanta wannan kafin ya miƙa wa wani makulli. Akwai wasu samari da suka cika Facebook da TikTok da bidiyon rabin bonet dusu-dusu rabi kuma yana walwali, wai suna dawo da fenti kamar ranar da aka fito da mota ba tare da feshi ba, har da garantin shekaru na wani ruwan kare fenti da ake shafawa a sama wai shi "seramik". Sana'ar goge fenti gaskiya ce kuma akwai gwanayenta, amma waɗannan da nake magana a kansu 'yan damfara ne kawai.

Na ga aikinsu da idona a jikin 504 shuɗiya ta wani dattijon unguwarmu, irin haɗin Kaduna ɗin nan, kun san tun 1975 kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a can. Baba ya riƙe motar nan kamar ɗiyarsa, ba a taɓa fesa ta ba, rana ce kawai ta cinye hasken rufin da bonet. Yaron ya zo da ladabi, "Baba ai wannan ƙaramin aiki ne, ku bar mana ita kawai", ya karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami ya tafi da ita garejin da ba wanda ya san inda yake.

Ta dawo tana sheƙi wallahi, kowa sai sambarka. Ashe mai ne. Wani folish ne mai silikon da ke cike ƙananan karce ya ɓoye su na ɗan lokaci, da aka wanke ta da omo ta sha rana sai komai ya fito fili, bonet duk zagaye-zagayen injin goge, kuma a bakin ƙofa da kan layin nan da ya bi gefen mota shuɗin ya tafi gaba ɗaya sai tokar firaima, wato shafen farko da ke ƙarƙashin fenti, kake gani, wani wurin ma ƙarfe tsirara. Kusa da murfin tanki sun ƙona wurin sai suka ɗiga wani shuɗin da bai yi daidai ba suka fesa kiliya a kai, wato fentin nan marar kala mai sa sheƙi, in ka shafa da yatsa za ka ji tudun.

Abin da ya kamata mu gane shi ne yawancin motocin wancan zamanin masu kala ɗaya ba su da kiliya a sama irin na yanzu, kalar ita ce a waje, shi ya sa in ka goga ƙyalle da folish za ka ga kalar ta biyo ƙyallen. Duka kaurin fentin nan bai wuce fallen takarda ɗaya ko biyu ba, a gefuna da kusurwa ya ma fi haka siranta, kuma duk gugar da aka yi ragewa ake ba ƙarawa ba. To ka ɗauko girinda mai gudu ka sa mata soso mai kaushi ka danna a fentin da ya shekara 40 yana shan rana da ƙurar hunturu, me kake tsammani? Abin da ya tafi ya tafi kenan. Za a iya sake feshi, amma motar ta tashi daga mai fentin asali, kuma masu neman irin waɗannan motocin wannan fentin suke saye da tsada ko da ya koɗe. Ni abin da ya fi ƙona min rai kenan, ba kuɗin aikin ba.

Kuma bai tsaya nan ba, zakin gaban motar na asali, wato bajin Fijo, sun cire sun maƙala na roba, haka wil-koba guda. Lambar yaron a kashe, shafin ma ya canza suna.

In za ka ba da mota a goge, ka ce a zo gidanka ko ka zauna a wurin har a gama. Ka tambaye shi na'urar auna kaurin fenti, in ya ce ai shi ido ya ishe shi ka sallame shi cikin mutunci. Ya fara gwadawa a wuri kaɗan da ba a gani sosai, kamar ƙasan but, sannan a goge wurin da sifirit da aka sirka da ruwa a haska tocila, in karcen ya dawo to ɓoye shi aka yi. Mai gaskiya zai liƙa tef a gefuna, zai fara da hannu ko soso mai laushi, kuma da bakinsa zai faɗa maka akwai karcen da ba zai fita ba gara a bar shi. Wanda ya ce komai zai fita ɗari bisa ɗari shi ne abin tsoro.

Ka ɗauki hoton baji da fitilu da madubai da duk wani kurom kafin motar ta bar hannunka, kuma kar ka tura kafin alƙalami a asusun da sunansa ya bambanta da na mai aikin. Masu iyaye da ke da irin motocin nan ku karanta musu, don dattawan da ba su shiga intanet ta hannun 'ya'yansu ake isa gare su.