Ƙanƙara ko man kaɗe: wanne za a shiga aji da shi?

Malama, kin tambaya wanne ya fi dacewa wajen nuna wa yara daskararren abu, mai ruwa-ruwa da gas, ƙanƙara ko man kaɗe. Kowanne da ranarsa.

Ƙanƙara ce kaɗai za ta ba ki duka ukun a darasi guda. Tana narkewa a digiri 0, ruwan ya tafasa a buta a digiri 100 (a Jos wajen 96 ne, saboda tudu), sannan ki tara murfin tukunya mai sanyi a bakin butar, yara su ga ruwa na ɗiga daga jikinsa. Man kaɗe ba ya wannan. In kin matsa masa wuta ƙauri zai yi da hayaƙi, wannan kuma wani darasi ne daban.

Sai dai ruwa yana da tarko biyu. Farin tururin da yara za su nuna su ce "ga gas" ba gas ba ne, ƙananan ɗigon ruwa ne da suka riga suka huce. Gas ɗin yana ɗan sararin nan da ke dab da bakin buta, inda ido ba ya ganin komai. Tarko na biyu ya fi kama malamai. Kin zana a allo cewa ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi daskararren abu sun fi na mai ruwa-ruwa matsewa, sai wani mai kaifin kai a bayan aji ya ce, to Malama, me ya sa ƙanƙara take iyo a kan ruwa? Kuma ya yi gaskiya. Ruwa kumbura yake yi da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, shi ya sa kwalbar da aka cika maƙil take fashewa a firiza. Yawancin abubuwa kuwa tsukewa suke yi.

A nan man kaɗe ya sha gaban ƙanƙara, domin halinsa ya dace da zanen allo. Ba ya buƙatar wutar lantarki, kula ko risho, kuma babu fargabar ruwan zafi a ajin da ya cika. Ki lakata wa kowane yaro ɗan kaɗan a tafin hannu ya murza, zafin jikinsa ma ya isa ya narkar da shi, yana ji yana gani. Matsalarsa laushi yake yi a hankali, ba shi da tsayayyen digiri na narkewa, kuma da bazara sai a tashi makaranta bai koma ya daskare ba.

Ni a firamare da ƙanƙara zan fara. A ƙaramar sakandare, ranar bayanin ƙwayoyi, man kaɗe zan kawo, in haɗa da gutsuren kyandir da na narkar a gwangwani. Idan ya huce tsakiyarsa lotsawa take yi, tsukewar ta fito fili.