Allon laftof mai juyawa ya yi sako-sako: gam, sabon hinji ko sabon murfi?

A laftof mai allo mai juyawa har baya, irin su Lenovo Yoga da HP x360, babu abin da ke shan wahala kamar hinji, wato ƙarfen nan da ke riƙe allon. Zagayen digiri 360 yake yi, ga gilashin taɓawa mai nauyi a kansa. Nawa ya fara ne a hunturun bara, lokacin da ƙura ta rufe Katsina: in na buɗe sai in ji ƙas a kusurwar hagu, robar wurin ta ɗan buɗe baki, har ina hango zinariyar wani ɗan ƙarfe a ciki.

Kafin ka ba kowa kuɗi, ka gano inda ciwon yake. Ka buɗe allon a hankali kana kallon kusurwoyin biyu. Idan allon yana lilo amma jikin bai buɗe ba, ko dai sukurori ne suka kwance, ko hinjin ya cinye. Idan kuwa jikin yana ɗagawa, to hinjin ba sakewa ya yi ba, tauri ya yi. Man cikinsa ya bushe, ƙura ta shiga, sai ƙarfin buɗewa ya koma kan 'yan ramukan tagulla da aka dasa cikin roba don riƙe sukurorin hinjin, ya tumɓuke su. Wannan ne ya same ni.

Ɗaure sukurori shi ne mafi araha, aikin mintoci ne, sai dai a cire wayar batir tukuna.

Gam kuwa, a nan mutane ke yin asara. Sufa-gulu yana bushewa ya yi ƙamas, ba ya jure motsi. An sa mini shi a wani shago, ko sati biyu bai yi ba ya ɓalle, ya tafi da sauran robar. In dole sai gam, a nemi mai kwalba biyu da ake cakuɗawa, irin Araldite, a bar shi awa 24 ba a taɓa ba, kada kuma ya shiga zaren sukurun. Yana riƙewa idan tsagar kaɗan ce, amma ni ban ɗauke shi gyara na dindindin ba.

Sabon hinji yana da amfani ne kawai in tsohon ya cinye ko ya karye. A canza biyun tare, a kuma sayo da lambar samfurin da ke ƙasan na'urar, don kama da wane ba ta wane.

Abin da na fi yarda da shi shi ne canza murfin da ramukan ke ciki gaba ɗaya. Wani mai gyaran kan ciro daga matacciyar na'ura irin taka, wani sai ya aika Kano, wajen Beirut Road, ko Computer Village da ke Ikeja. Ka ce a nuna maka murfin kafin a ɗaura, ka duba kowane rami yana nan daram. Sannan ka roƙi alfarma: "Malam, a wanke hinjin a sa masa mai, in yana da noti a ɗan sassauta shi." In ba haka ba, sabon murfin ma zai bi sawun tsohon. A kuma lura da wayar hoto da ta Wi-Fi, don ta gefen hinjin suke wucewa.

Idan jinkiri ya sa gilashin ya tsage, lissafi ya canza. Gilashin taɓawa da allon yawanci a manne suke zuwa, kuɗinsu ba kaɗan ba ne, gara ka gwada shi da farashin wata laftof ta hannu. Ita ma kada ka biya sai ka juya ta har baya sau uku a kunne, ka ga ko hoton yana ƙyaftawa, ka shafa kusurwoyin da yatsa ko za ka ji busasshen gam.